Ranar da Na Koya wa Ordinata Gaisuwa

Ni da na tsaya aji huɗu a lakwal, sai ga ni da furfurata ina kula da ƙananan umarnin ordinata, wato kwamfuta, da ke taimaka wa masu gina wata manhajar intanet ta kyauta, ta rajistar rijiyoyi. Abokan aikina suna Damagaram da Yamai, ni kaɗai a garin Waca. Abin da ke cin raina, yaran nan ba sa gaisuwa. Mutum ya turo gyara, ko sallama babu.

Na ce zan yi musu tarbiyya. Na rubuta umarnin da zai amsa kowane saƙo da "Ina kwana, ina gajiya, ina iyali?" Ban gwada ba. Dattijo kamar ni zai gwada gaisuwa?

Da hantsi wayata ta yi ta ƙara. Na gyara zaman hula, na ce yau an tuna da ni.

Sai Hadiza, shugabarmu, ta kira: "Baba, don Allah kashe abin nan! Shi ke gaida kansa, shi ke amsawa, ya binne aikin kowa."

Na duba. Duk saƙonnin nawa ne, babu na kowa.

Har yau in na turo gyara, sai su rubuto: "Lafiya lau, Baba, ba gajiya. Sau ɗaya ya isa."