Kabewar da ta ƙi nuna

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na zama manomiya a bayan ɗakina a Yalwawa ba. Shekarata guda da aure, kuma na gaji da yadda dangin mijina na Buji ke kirana 'yar birni wadda ba ta san ko ganyen rama ba. Sai na ƙudura zan noma kabewa da hannuna, in yi wa surukata Inna miyar taushen da za ta rufe bakin kowa.

Irin ma ban saya ba. A cikin buhun geron da aka aiko mana daga ƙauye na tsinci wasu 'ya'ya ƙulle a tsumma, na dube su na ce kabewa ce. (Wa na tambaya? Babu. Ai ina da digiri.)

Na zuba takin awaki, na shuka, abu ya yi yaɗo har kan katanga. Amma da ya yi fure sai na ga fari, alhali a waya furen kabewa rawaya nake gani. Na ce wataƙila irin zamani ne. 'Ya'yan suka fito sumul-sumul, suna ta girma, sun ƙi nuna. In na ƙwanƙwasa sai in ji kamar ƙofa. Kaina ya ɗaure, amma na riga na aika wa Inna cewa ta zo ta sha miya.

Ranar da ta zo da ƙannen mijina biyu, na tsinko ɗaya, da kyar wuƙa ta shiga. Cikin fari fat. Na dafa, na ɗanɗana, ɗaci ya kama ni har kunne. Na ɗora laifin a kan yakuwa, na ƙara gyaɗa, na kai musu.

Inna ta kai loma ɗaya, ta nemi ruwa.

"'Yar nan, mu je in ga gonar taki."

Tana leƙawa ta kama haɓa.

"La'ilaha illallahu! Wannan ai duma ne. Ƙwarya kika dafa mana?"

"Inna, ba kabewa ba ce?"

"Ina kika samo irin?"

Na faɗa mata. Ta tafa hannu: "Irina ne! Wata uku ina zargin ɓera."

Ƙannen mijina suka ruga zaure, ina jiyo dariyarsu. Ni kuwa kunya ta hana ni ko ɗaga kai, hawaye na neman zubowa. Inna ta shafa duman nan ɗaya bayan ɗaya ta ce kada wanda ya taɓa su har su bushe, ita ma ba ta taɓa samun manya haka ba.

Yanzu ko albasa zan shuka sai na nuna wa tsohuwa. Ƙoren nonon Inna guda shida daga bayan ɗakina suka fito, kuma duk baƙon da ya yaba su sai ya sha labarin miyar.