Ranar Da Na Kashe Baffa Da Turanci

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanwata Hadiza a Jega Magaji ba. Lokacin ban daɗe da gama kwalejin malamai ba, ina yawo da biro biyu a aljihu, ina gyara wa mutane Turanci ba su roƙe ni ba.

A kwaleji aka koya mana cewa kalmar "late" ba latti kaɗai take nufi ba. Tana nufin dare ya yi, tana nufin kwanan nan, tana kuma nufin marigayi. Wannan ta ƙarshe ta fi burge ni (a ganina 'yan boko kaɗai suka san ta).

Baffa Sani, wan mahaifinmu, shi ne waliyyi. Ƙanena Nasiru, mai karatu a Aliero, ya tafi Kuberi ɗauko shi a babur. An shimfiɗa tabarmi, liman ya zauna, dangin ango suna ta duba agogo, sai saƙon Nasiru ya shigo wayata: "Baffa is late."

Na kira Nasiru, ba ta shiga. Maimakon in sake gwadawa, sai na miƙe tsakiyar jama'a, na gyara murya na yi salati, na ce Allah Ya yi wa Baffa rasuwa.

Cikin gida ya kaure da kuka. Amarya ta sume. Liman ya fara zancen likkafani, har wani ya tafi neman masu haƙa.

Muna cikin haka babur ya tsaya, ashe taya ce ta yi faci bayan Maiyama. Baffa ya sauko da ƙullin albasa a hannu, ya dubi masu kuka.

"Wa ya rasu?"

Duk aka juyo gare ni.

"Kai ne, Baffa," na ce.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Wanga yaro! Mi ni yi maka? Ka bari in ɗaura armen tukuna mana."

Shekaru ya yi yana gaishe ni da "Ina mai sanarwa?" Ina kewar wannan gaisuwa.

Ranar da ya rasu da gaske, ni ke gefen gadonsa a asibiti. Na kira gida ina hawaye. Da na gaya wa Inna, sai ta ce, "Ba wani babba wayar."

Tun daga auren Hadiza, duk wanda ya turo mini Turanci, kiransa nake in ce ya maimaita da Hausa.