Ranar da na sa aka karce mundaye talatin

Shekara biyu kacal na yi ina raka Turawa yawo garin Dabaga, amma a unguwarmu ba mai ja da Ingilishina. Shi ya sa da wata Baturiya ta aiko wa yayana Ilyas, maƙerin azurfa, saƙo kan munduwar da ta saya, ni aka kira.

Na gyara rawani, na karɓi wayar. Kalma ɗaya ta tsaya mini: "slick". Na buɗe ƙamus, na ga santsi, na rufe.

"Yaya, ƙorafi take yi. Munduwarka santsi gare ta, zamewa take. Tana son ƙarin talatin, a yi musu kaushi."

"Ka tabbata?"

"Ni kake tambaya?"

Kwana uku ya yi da magagari yana karce abin da ya yi wata guda yana gogewa. Muka tura hoto. Amsa ta zo, wannan karon da Faransanci: wa ya lalata su? Ta fasa sayen.

Maƙwabcinmu, malamin Ingilishi, ya ce asalin kalmar abin da aka goge ne ya yi sumul. Daga nan ta zama yabon aiki mai kyau. Ana kuma faɗa wa mai zaƙin bakin da ba a yarda da shi.

Yaya ya dube ni. "To, ta ukun muna da shi a gida."

Har yau in na ɗauki kofin shayi a maƙera, sai wani ya ce, "Riƙe da kyau, Malam Santsi. Ko a kawo magagari?"