Wushiryar Makau Mai Rake

Ranar Litinin da safe na tauna tsakuwa a cikin shinkafa, irin tsakuwar da in an bar ta ta ƙara girma kaɗan sai a kai ta wurin gini. Na ji ƙas har cikin kunne, gefen haƙori ya ɓalle. Na tashi riƙe da kunci na nufi ɗakin shan magani na garinmu, nan kan hanyar Anka zuwa Gummi, inda aka kafa wani faffaɗan allo mai cewa akwai sashen haƙori.

Allon yana nan, Allah ya saka wa mai fentin da alheri, damina huɗu ba ta goge shi ba. Ɗakin ma yana nan. Albasa ce a ciki, an baza ta tana shan iska. Na tambayi Haladu mai gadi ina kujerar nan mai kwanciya da aka ƙaddamar da kiɗa. Ya ce Bala wanzami ya are ta, tana bakin kasuwa ƙarƙashin darbejiya, har ya ba ni shawara in gwada aski a kanta, wai ba a taɓa yin kujera mai daɗin wuya irinta ba. Likita fa? Ya ce ana sa ransa. Tun yaushe? Ya ce shi dai da ya kama aiki ya tarar ana sa ransa.

A hanyar gida na tsaya wurin maƙwabcina Makau mai rake ina kai kuka. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce in je in yi sadaka, tunda Allah ya sa ban tarar da kowa ba. Makau yana da hujjar faɗin haka, kuma ya yarje mini in ba ku labarinsa.

Makau ya ba arba'in baya. Daga fadamar wajen Bukkuyum yake saro rake, ya jingina shi a bakin tasha, kuma duk tallarsa da baki yake yi. Mota na tsayawa sai ya ɗauki gaɓa ɗaya ya ɓare da haƙora, ya tauna a hankali yana lumshe ido, ruwan na bin gemu. Fasinjan da ya kalli haka bai miƙo hannu ta taga ba, to azumi yake. Ga shi Allah ya ba shi wushirya, wadda tsinken tsintsiya biyu ke wucewa ta ciki ba su gaisa ba. Matarsa Luba ba ta ɓoyewa: mutum uku suka neme ta, ɗaya mai keke, ɗaya mai shago, ita kuwa ta zaɓi wushirya. Ta nan yake fito in ya doso gida da yamma, ita kuma da ta ji sai ta ɗora ruwan wanka.

Abin da ya dame shi haƙori ɗaya ne na can ciki, na tauna, wanda ya rube ya yi rami. Ya sa kanumfari, ya kurkure da ruwan gishiri, ya cusa jar kanwa, ciwo ya yi ta tafiya yana dawowa kamar mai ɗaki a gidan.

Ana nan, shekara huɗu da suka wuce, saura wata biyu zaɓe, sai wani babban mutum ya tuna da mu. Garkuwan Marasa Galihu ke nan, Inuwar Talakan Fadama, wanda ba zan faɗi kujerar da yake nema ba don shi kansa sau uku yana canza ta. Ya duba hanyarmu da ta zaizaye, ya duba rijiyar burtsatsen da ta ƙafe, ya gane da basirarsa cewa babbar matsalarmu haƙori ce. Ya zo da likita daga birni, da kujera, da janareta, da makaɗa mota guda.

Makau ne na farko a layi, daga masallacin asuba bai koma gida ba. Likitan saurayi ne mai kirki, wannan kam a faɗa. Ya leƙa bakin ya ce haƙorin sai cirewa, sai dai akwatin kayan cirewar yana cikin ɗaya motar, wadda ke layin mai a Anka tun jiya. Abin da ke jakarsa kawai wata waya ce ta gyaran haƙora da ya zo da ita don ya nuna wa ma'aikata yadda take. Cikin hira ya ce haƙoran Makau na sama ba sa zama daidai a kan na ƙasa, shi ya sa yake tauna da gefe ɗaya har gefen ya gaji. Ya ce a birni ana ɗaura wa irinsa waya, babba ne ko yaro, ta yi shekara ɗaya da rabi ana ɗan matse ta duk wata.

Mai riƙe wa Garkuwa jaka yana tsaye a wurin. Da ya ji an ambaci waya sai idonsa ya yi haske. Ya ce cire haƙori rami yake bari, ba a sa rami a fosta, amma waya tana ƙyalli. Likita ya ce wannan aiki ba na yini ɗaya ba ne, in ba za a riƙa dubawa ba gara kada a fara. Nan Garkuwa da kansa ya karɓi lasifika ya yi alkawari a gaban jama'a cewa likita zai riƙa zuwa duk wata, mota da mai duk a wuyansa. Aka yi guɗa. Makau tambaya ɗaya ya yi, ko wayar za ta kashe ciwon. Mai jaka ya ce masa ai wannan matakin farko ne.

Awa uku bakinsa a buɗe. Da aka gama aka ce ya yi dariya, aka ɗauki hoto. Kafin mako ya zagayo, daga Anka har Gummi babu bangon da ba a manna Makau ba, baki har kunne, Garkuwa na dafe da kafaɗarsa, an rubuta a ƙasa cewa murmushi ya dawo karkara.

Luba ta daɗe tana kallonsa ranar da ya shigo gida. "Malam," ta ce, "haƙori guda kat tahi a hidda maka. Mi yak kai ka ɗauko shinge?"

Sai a lokacin ya tuna sharuɗɗan likita. Ban da rake, ban da goro, ban da tsire, ban da gasasshiyar masara. Ku duba mai raken da aka hana shan rake. Mota ta tsaya, Makau ya ɗaga gaɓa yana yabonta da fatar baki, fasinjoji su ce in yana da zaƙi me ya hana mai shi sha, su saya wurin na gaba da shi. Asuwaki in ya shiga wayar sai ya bar rabin gashinsa a ciki. Miyar kuka kuwa ta samu wurin kwana. Bakin wayar ya riƙa sukar kuncinsa ta ciki har wani Bafulatani abokin cinikinsa ya kawo masa kakin zuma yana liƙawa. Wasu masu haƙar zinariya da suka sauka a tasha sun roƙe shi ya buɗe baki su gani ko azurfa ce. Haƙorin can ciki kuma yana nan yana aikinsa, don shi ba a yi masa alkawarin komai ba.

Wata ya cika, likita bai zo ba. Aka yi zaɓe, Garkuwa ya samu kujera, ya tare a birni don ya fi ganinmu da kyau daga nesa. Makau ya fara yawo. A ofishin lafiya aka ce masa wannan aikin ba nasu ba ne, taimako ne mutum ya yi da aljihunsa, ya je gidan mai taimakon. A ƙofar gidan aka ce masa ai yanzu Ranka-ya-daɗe ya zama hukuma, ya koma ofis. Ya koma, aka ce ya kawo hoto biyu, baki buɗe. Ya kawo. Aka kafa kwamiti, kwamiti ya zauna sau ɗaya, ya ci abinci, ya yaba da ingancin wayar. Daga ƙarshe wani akawu mai tausayi ya jawo shi gefe ya nuna masa rahoto: an rubuta cewa shirin ya kammala ɗari bisa ɗari, kuma shi Makau shi ne shaidar. Ya gargaɗe shi kada ya kuskura ya bari wani ya taɓa wayar, don yanzu dukiyar gwamnati ce.

Maganar ta riga shi isa gari. Mai gyaran rediyon da ya yi masa alkawarin cire ta da filaya ya ce shi yana da iyali, ba zai taɓa kayan hukuma ba.

Duk wannan Makau ya daure. Abin da ya karya masa zuciya a cikin gida yake. Wayar, ko da ba mai matse ta, tana ja a hankali, haƙoran gaba suna matsowa kusa da juna. Luba ce ta fara lura. Duk Juma'a in ya dawo daga masallaci sai ta zaro tsinke daga tsintsiya ta ce ya buɗe. Da farko biyu na shiga, sai ya koma ɗaya, sai wata Juma'a ɗayan ma ya lanƙwashe ya ƙi shiga. Ta mai da tsinken cikin tsintsiya. Fito ya gagara, in ya gwada sai iska kawai. Ya koma shiga gida da sallama kamar baƙo. Wata rana yana alwala a bayan ɗaki ya ji tana gaya wa ƙanwarta cewa wani lokaci in ta ɗago kai suna cin tuwo sai gabanta ya faɗi, ta ga kamar wani ne daban zaune a tabarmar mijinta. Makau ya ce mini wannan ta fi ciwon haƙorin zafi. Daga ranar ya daina dariya a gabanta, mutumin da hotonsa ke dariya a kowane bango.

Shekara ɗaya da wata biyu ana haka, sai fuskarsa ta kumbura har ido ɗaya ya rufe. Yayan Luba direban motar albasa ne, shi ya ɗauke su su biyu a gaban mota zuwa Sakkwato. A wani asibiti can suka samu likitar haƙori, Dakta Surayya. Sai da ta ba shi magani kumburin ya saɓe, sannan ta cire ruɓaɓɓen haƙorin, aikin da bai kai tsawon sallar azahar ba. Ta duba wayar ta tambaye shi wa ke kula masa da ita. Ya ce Allah. Ta ɗauko kayan aiki. Ya kama hannun kujera ya gaya mata gaskiya, cewa dukiyar gwamnati ce. Ta ce in sun zo nema ya turo su wurinta, za ta ajiye musu a kwalba.

Bayan ta wanke bakin ta yi masa bayani. Ta ce wayar ba abin tsoro ba ce, tana da dattawa da suka girme shi da ke ɗauke da ita lafiya, amma ana duba su duk wata, kuma ana koya musu yadda za su wanke ta. Ta ce ya auna arziki, dasashinsa ya kumbura, haƙora biyu sun fara ruɓewa a ƙarƙashin ƙarfen, amma za su tsira. Cikin ikon Allah kuma haƙoran sama sun ɗan sauko kan na ƙasa, zai iya tauna da gefe biyu. Sannan ta auna bakin ta yi masa wata roba mai siffar haƙoransa, ta ce ya riƙa sawa in zai kwanta, in ba haka ba haƙoran gaba za su koma inda suka fito.

Luba ta gyara zama. "Likita, sake hwaɗi in ji. In bai sa ba, mi za ya hwaru?"

"Wannan tazarar ta gaba za ta sake buɗewa."

"Duka?"

"Wataƙila ba duka ba. Amma za ta buɗe."

Luba ta yi godiya sosai, ta miƙa hannu biyu ta karɓi robar, ta ƙulle a bakin zane, ta ce Malam yana da mantuwa, ita za ta riƙa ajiyewa. Makau bai sake ganin robar nan ba har yau. In ya tambaya sai ta ce tana inda ta ajiye ta, kuma wurin yana da kyau. Shi ma dai ba ya matsa tambayar. Ya koma shan rakensa a bakin tasha, da gefe biyu yanzu, kuma Juma'ar da ta wuce tsinke ɗaya ya shiga ya fita ba gardama. Luba ta yi masa dambun nama.

Ni kuwa ga ni nan da ɓallallen haƙorina, ina tauna da dama ina jiran yayan Luba ya yi lodin Sakkwato in bi shi. Jiya na ji ana shela cewa Garkuwan Marasa Galihu zai sake zuwa wata mai kamawa, don kujerar da yake kai ta yi masa kaɗan, kuma wannan karon ƙafafun roba zai raba kyauta. Allah ya ƙara masa tausayi. Ƙafafuna biyu ne, lafiyarsu ƙalau, amma ranar da zai zo zan kai su Gummi wurin ƙanwata su kwana biyu.