Nomau da Danginsa Masu Wutsiya

A ƙauyen Gidan Kwari akwai wani Nomau, ƙato da gemunsa, amma duk abin da aka faɗa masa haka yake ɗauka, ba ragi ba ƙari. Yana zaune a gidan yayarsa Tabawa, wadda mijinta ya tafi ci-rani ya bar ta da tsohon ciki da wani zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, har ana tsoron cikin ya zube.

Wata rana Malam Zailani, malamin kimiyya mai haya a zaurensu, ya nuna masa hoton ɗan tayin kifi da na kaza da na akuya da na mutum. Duk a lanƙwashe kamar wake, ga ƙaton kai ga wutsiya.

“Nuna min na mutum,” in ji Malam.

Nomau ya dangwala yatsa kan na kaza.

“Ka gani? Masana sun ce wannan kamannin alamar asali ɗaya ne. Duk dangi ne.”

Ni dai har gobe haushin malamin nan nake ji. Ya rasa wa zai gaya wa sai Nomau!

Wata rana Tabawa ta yi dambun sadakar neman lafiya, ta ce, “Ungo, raba wa dangi.” Nomau ya zuba wa kaji, ya ɗibar wa akuya, ya juye sauran a rafi. Da ya dawo ta ce, “Ka kai wa Inna?”

“Yaya, na wajen kifi sun fi yawa, bai kai kanta ba.”

Ta jefe shi da murfin kwano.

Wata rana shirwa ta sure ɗan tsako. Nomau ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida yana sharɓar kuka, wai an yi musu rashi. Mata suka shigo da salati, suka tarar da Tabawa tana tankaɗe. Ran nan har maƙwabta sai da suka ji zagin da ya sha.

Wata rana akuyar ta yi ɓari. Nomau ya tuna ranar da ya raka Tabawa awo, malamar asibiti ta ce duk wadda ta yi ɓari a kawo ta da gaggawa. Ya goya akuya da zanen yayarsa ya nufi asibiti, Tabawa na biye tana haki tana tsine masa.

Malamar ta daka tsawa, “Nan ya yi maka kama da turke?”

“Ke kika ce a kawo. ’Yar’uwarmu ce, nononta ma Yaya take sha.”

Malamar ta tsaya cak, ta dubi Tabawa. “Kina tafasawa?”

“A’a, da ɗuminsa nake sha.”

“Shigo a ɗebi jininki. Akwai ciwon da ke sa akuya ɓari, kuma yana kama mutum ta ɗanyen nono.”

Shi ne kuwa ke sa ta zazzaɓin nan. Aka ɗora ta kan magani, cikin ya tsaya, ta haifi ’yarta lafiya.

Ranar suna Tabawa ta kira Nomau, fuska a ɗaure kamar kullum. Ta dangwarar masa da kwanon tuwo, ta ƙara da ƙwaryar dusa.

“Wannan naka. Wannan kuma ka kai wa ’yar’uwar tamu.”