Yadda Mai Nazarin Baƙin Rami Zai Samu Mata a Ɗanzomo

Kai da ka ƙare ƙuruciyarka kana nazarin abin da ba a gani, matso kusa. Matakai biyar ne, in ka bi su sai an ɗaura. Ni Ɗalha, mai gyaran babur a Gumel, na gwada su a kan ƙanena Zayyad lokacin da yake neman Mansura, 'yar Ɗanzomo. Kawunta Sajo aka ɗora wa binciken sana'arsa, in ya ce a'a magana ta mutu.

1. Kada ka faɗi gaskiya da wuri

Gaskiyar ita ce, can nesa a tsakiyar wasu tarin taurari akwai baƙin rami da ya ninka rana nauyi sau miliyoyi, yana haɗiye komai har haske. Iskar da ke kewaya shi takan yi zafin da ya wuce misali, ta riƙa fitar da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Wannan hasken Zayyad yake aunawa a kwamfuta, na'urar da ke shawagi a sama tana aiko masa. Kwaza suke ce wa wurin. To don Allah wa zai ba ka 'yarsa a kan wannan? Ka ce aikin sama kake yi, ka sunkuyar da kai.

2. Bar su su ƙarasa da kansu

Kawu manomi ne, a wurinsa aikin sama ɗaya ne: ruwa. Nan take ya sa aka sake shimfiɗa, aka kawo fura da nono. Ya ce irin geron da ya gada saura kwano shida, yana so ya yi binne, wato ya shuka a busasshiyar ƙasa ya jira ruwan fari. Wace rana ta dace? Zayyad ya buɗe baki zai warware, na taka masa ƙafa. Ƙwararre ba ya cewa bai sani ba.

3. Zaɓi rana da ƙarfin hali

Ka dubi gabas tukuna, ka ɗan gyaɗa kai. Laraba na raɗa masa, don ranar garejina ba ciniki. Aka yi binne, kwana biyu sai ga yayyafi. Wallahi har ni na fara yarda da Zayyad.

4. In shuka ta ƙone, kashe waya

Yayyafin ya tsirar da gero, bai rayar da shi ba. Kwana ashirin ko ɗigo. Na ce Zayyad ya kashe waya, a ce yana taro a Abuja. Sai Mansura ta aiko cewa kullum da safe Kawu yakan je ya tsaya a gona yana kallon shukar da ta ƙone. Kunya ta kama Zayyad, ya watsa mini ƙasa a ido. Ya ja ni har gonar, ya durƙusa a gaban Kawu ya faɗi komai: ramin, zafin, da cewa bai san ranar ruwa ba, bai taɓa sani ba.

5. Kada ka tsaya kusa

Kawu ya tambaye shi ko yana ganin ramin da idonsa. Ya ce a'a, abin da ke kewaye da shi ake aunawa a gane halinsa.

"Ashe aikinmu ɗaya," in ji Kawu. "Ni ma ban ga cikinka ba, amma na ga mai kewaya ka yana taka maka ƙafa. Shi ya sa kwano uku na binne, na ɓoye uku. Jira nake in ga ko za ka zo da kanka."

Ya ce ya ba shi Mansura. Sannan ya ce da zarar ruwa ya sauka a sake shuka, ya miƙo mini sungumi. Ni, ba Zayyad ba. Kadada biyu na sara a tsakar rana, na gane zafin da ƙanena yake aunawa ba tare da kwamfuta ba.

An dai ɗaura, kamar yadda na yi alkawari. Amma in ka bi matakan nan gero ya ƙone, aure ya fasu, ko tafin hannu ya ɗuri ruwa, ba ruwan Ɗalha. Kuma kada ka zo neman rakiya, an hana ni zama kusa da ƙafar kowa.