Shige da Fice a Gazawa

Ba zan taɓa mantawa da laccar da na gabatar a Gazawa ba, kuma har yau idan na tuna raina ɓaci yake yi. Na kammala karatun ordinatar, wato na'ura mai ƙwaƙwalwa, wani Alhaji mai lakol, makaranta mai zaman kanta, ya ce in yi bayani a gaban jama'a; idan ya gamsu, aikin koyarwa nawa ne.

Na zaɓi abin da na fi sani. Ana iya gina na'urorin ƙage a cikin ordinatar guda, kowace tana ɗaukar kanta cikakkiya. Matsalarsu jinkiri: duk bayanin da zai shiga ko ya fita sai ya tsaya wurin babbar manhaja ta tantance shi. Na rantse ba zan furta kalmar Faransanci ko ɗaya ba (a lokacin ina ganin wannan jarumtaka ce). Na'urar ƙage na sa mata suna baƙo, babbar manhaja mai shinge, bayanai kuma kaya. Shelar da na aika aka yi a rediyo ita ce: sabuwar dabarar hanzarta shige da fice.

Da na ga ɗakin ya cika har bakin taga, na ɗauka ilimi ya samu daraja a ƙasarmu. Ban tambayi kaina abin da ya kawo 'yan kabu-kabu da fataken wake ba, a garin da iyaka ke nan kusa. Ban kuma kula da jandarman da ya zauna a baya ba.

Na bayyana dabara ta farko: maimakon baƙo ya riƙa kai kaya ɗaya-ɗaya, ya tara su ya miƙa gaba ɗaya. Fatake suka gyaɗa kai. Na ji daɗi, na shiga ta biyu da ƙarfina: a ba baƙo hanyarsa shi kaɗai, kaya su wuce kai tsaye, mai shinge bai ma san sun wuce ba.

Wani dattijo ya ɗaga hannu. "Ɗana, wagga hanya ta ina ta bi? Baro na wucewa, ko sai moto mai ƙafa biyu?"

Na amsa da cewa ba kowa ke iya buɗe ta ba, amma ni na sha buɗewa (wallahi haka na faɗa). Nan jandarman ya miƙe, ya ce cikin ladabi in biyo shi buro, wato ofishinsu, in ƙarasa bayanin.

A can na kunna ordinatar, na koma Faransancin da na yi wa rantsuwa, na nuna masa baƙon da mai shingen da nake nufi. Ya yi dariya har da hawaye, ya sallame ni. Fatake suka tafi suna cewa yaron ya ɓoye hanyar don rowa. Alhaji kuwa ya ce ba zai ɗauki malamin da jandarma ke rakawa daga aji ba, ya ba wani aikin, wanda ba ya iya haɗa jimlar Hausa uku ba tare da aro ba. Wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Ban daina ƙaunar Hausa tsantsa ba. Sai dai yanzu, kafin in ɗauki kalma in ɗora mata sabon kaya, nakan fara tambaya ko tana da mai ita a garin.